Wa Ya Ce Famfo Ba Maganar Ikkilisiya Ba Ce? Darasi Daga Umdurman

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo cikin majami'unmu, wadda nake so in yi jayayya da ita a fili. Maganar kuwa ita ce, wai sha'anin ruwan famfo, da wutar lantarki, da gidan rediyo, da filin wasan yara, duka sha'anin Kaisar ne, mai bi ba shi da ta cewa a ciki. Namu shi ne mu yi wa'azi, mu yi addu'a, mu jira birnin da ke sama. Na sha jin wannan daga bakin dattawa waɗanda nake girmamawa ƙwarai, ba na kuwa shakkar bangaskiyarsu. Duk da haka ina cewa wannan koyarwa kuskure ce, kuskure mai tsada kuma, gama yara suna mutuwa a unguwannin da muka yi shiru a kansu. Domin in nuna haka, zan kai ku wani birni mai nisa da mu a ƙasa amma kusa da mu a tarihi, watau Umdurman ta ƙasar Sudan.

Umdurman ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Ta nan ayarin mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno ya riƙa bi da ƙafa zuwa gabas, da yawa kuwa ba su dawo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Jikokin waɗannan matafiya sun yi aikin auduga a Jazira, sun zauna a gefen Hartum, har naman da Sudaniyawa ke ƙauna da yamma sunansa agashe, sunan da kowane Bahaushe zai gane. A gefen wannan birni kuma aka tara dubban 'yan'uwanmu Kirista daga Duwatsun Nuba da kudancin ƙasar. Abin da ya same su, shi ne yake samun mutanenmu yau a Mararaba da Masaka, da Gonin Gora, da bayan garin Kano.

Yadda birnin ya kumbura

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ke fuskantar juna a wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu: Hartum, da Hartum ta Arewa wadda ake kira Bahri, da Umdurman a yammacin kogi. Umdurman ƙaramin ƙauye ce kafin Mahadi ya mai da ita mazauninsa a 1885, Halifa Abdullahi kuma ya yi mulki daga cikinta har yaƙin Karari na 1898. A ƙidayar farko ta ƙasar, lokacin samun 'yancin kai a 1956, mutanen Umdurman ba su kai 120,000 ba. A ƙidayar 1993 sun wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Watau cikin shekarun da ba su kai 40 ba garin ya ninka kansa sau goma.

Ba haihuwa kaɗai ta kawo wannan ba. Yaƙin kudu ya sake tashi a 1983. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 suka koro mutanen Kurdufan da Darfur, suka zube a Muwailih, yamma da Umdurman, da 'yan tsummokaransu. Sa'an nan yaƙi ya shiga Duwatsun Nuba. Duk wanda ya iso sai ya kafa bukkar buhu da kwali a inda gari ya ƙare. Ta haka Umbadda, wadda dā bayan gari ce, ta zama ƙasaitaccen yanki mai mutane kusan miliyan ɗaya a ƙidayar 2008. A farkon shekarun 1990 hukumar jihar Hartum ta sa katafila ta rushe unguwannin 'yan gudun hijira da ke kusa da tsakiyar birni, aka kwashe mutane cikin manyan motoci zuwa sansanoni a hamada: Darussalam da Wad al-Bashir a yammacin Umdurman, da Mayo da Jabal Auliya a kudancin Hartum. Mazauna wani sashe na Darussalam suka raɗa wa wurin suna Jabarona, ma'anarsa da Larabci, sun tilasta mana.

Ruwa: matalauci ya fi mai kuɗi biya

Ga abin da ya kamata ya hana kowane mai bi barci. Wannan birni yana zaune a bakin koguna biyu manya, ruwa yana wucewa ta gabansa dare da rana zuwa Masar. Amma shekara da shekaru yawancin mazauna gefen Umdurman ba su san famfo a ƙofar gida ba. Abin da suka sani shi ne jaki yana jan amalanke, a kan amalanken kuma ganga ta ƙarfe. Mai jakin yakan sayi ruwa a tankin wata rijiyar burtsatse, ya ƙara kuɗin abincin jakinsa, da ladan tafiyarsa, da ribarsa, sa'an nan ya sayar wa uwar gida garwa garwa. Gwargwadon nisan gida da tanki, gwargwadon tsadar ruwa. Wanda aka fi turawa cikin hamada shi ne mafi talauci, shi ne kuma mafi biya.

Wani binciken masana da aka buga a 1992 ya auna wannan a unguwanni biyu na matalautan Hartum. A Mayo, inda mutanen yammacin Afirka suke da yawa, iyali yana kashe wajen kashi ɗaya cikin shida na abin da yake samu a kan ruwa. A Kartun Kassala, unguwar bukkokin kwali, abin ya wuce rabi. Binciken ya kuma nuna wani abu mai ban tausayi: in kuɗin ruwa ya hau, mutane ba su rage shan ruwa, gama ba yadda za a rage abin da dā ma bai isa ba. Abinci suke ragewa. Saboda haka kowane ƙarin kuɗin garwa daga tukunyar yara yake fita. A lokacin nan kuwa mai gidan bene a tsakiyar Hartum yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wata, yana shayar da ciyawar ƙofar gidansa da ruwan da aka tace.

Kada wani ya ce wannan tsautsayi ne, ko kuwa rashin kuɗin gwamnati kawai. Tun zamanin Turawa aka raba filayen birnin aji aji: aji na ɗaya, na biyu, na uku, kowane aji da girman fulotinsa da irin ginin da aka yarda a yi, da irin hidimar da zai samu. Wanda ba ya cikin kowane aji, ba shi da takardar fili. Wanda ba shi da takarda, ba a ja masa bututu, ba a kafa masa turken lantarki, gama a taswira wurin da yake kwana fili ne wofi. Mutum ne ya zauna a ofis ya ja layi, ya ce daga nan zuwa nan mutane ne, daga nan zuwa can babu kowa. Abin da mutum ya ja da alƙalami, mutum yana iya gogewa.

Gaskiya ta wajaba a kanmu, don haka zan faɗi abin kirkin da aka yi. Daga baya an yanka fulotai a sassan Umbadda da Darussalam, mutane da yawa suka sami takarda. A 2009 aka buɗe madatsar ruwa ta Marawi mai ba da megawat 1,250 na lantarki. A 2010 aka buɗe matatar ruwa ta Manara a arewacin Umdurman, mai iya tace lita miliyan 200 a rana. Waɗannan ayyuka ne na gaske, sun kuwa taimaki jama'a. Amma ku lura da lissafin shekaru. Yaron da aka haifa a Muwailih cikin yunwar 1985 ya kai shekara 25 kafin a buɗe Manara, har bayan buɗewar kuma jaki bai huta ba a can ƙarshen yamma. Ya nuna dai ana iyawa, in an ga dama.

Su wa suka kira su?

Na san amsar da ake bayarwa, gama ita ce ake bayarwa a kowane birni: ai ba wanda ya kira su, sun zo sun zauna ba bisa doka ba, in aka ba su ruwa wasu za su ƙara zuwa. Haka aka faɗa a Legas sa'ad da aka rushe Maroko a watan Yuli 1990. Amma su wa suke ɗora tubalin gidajen birnin? Su wa suke wanki da shara a gidajen aji na ɗaya, suke sayar da shayi a bakin titi, suke dako a Kasuwar Libiya da ke yammacin Umdurman? Birnin yana karɓar ƙarfinsu da safe, da yamma kuwa ya ce bai san su ba. Ba ruwan famfo ya kawo su ba, yaƙi da yunwa suka koro su, hana su ruwa kuma bai mai da su gida ba. Abin da hanin ya yi shi ne cika maƙabarta da ƙananan kaburbura. Ambaliyar watan Agusta 1988 ta raba mutane fiye da miliyan ɗaya da matsuguninsu a babban birnin, waɗanda suka fi shan wuya kuwa su ne na unguwannin da ba a haƙa musu magudanar ruwa ba.

Rediyo: murya mai zuwa, ba mai komawa

Abin da ya kai gefen gari tun kafin bututu shi ne muryar gwamnati. An buɗe Rediyon Umdurman a 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga wani ɗaki a gidan waya, jama'a suna taruwa a dandali suna ji ta lasifika. Talabijin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, shi ma a Umdurman. Ba shakka gidan rediyon nan ya yi aiki mai kyau. Ya raini mawaƙa, ya sa makiyayi a Kurdufan da masunci a bakin Bahar Maliya suka san waƙa ɗaya. Amma ya zama kuma ƙofar mulki. Juyin mulkin 1958, da na 1969, da na 1989, duka ta wannan gida mutane suka ji su. Wanda ya riga kai tankar yaƙi ƙofar gidan rediyo, shi ne gwamnati da safe.

Ku dubi matar da ke zaune a Jabarona da 'yar rediyonta mai batir. Tana jin jawabin shugaba sarai, amma ba hanyar da shugaba zai ji cewa ganga ta yi tsada yau. Murya tana zuwa mata, tata ba ta komawa. Harshen da ta tashi da shi, ko na Moro ne, ko na Dinka, ko Hausa, ɗan gurbi kaɗan yake da shi, in ma ya samu. Da wayar hannu da intanet suka zo, suka ba talaka bakin magana, sai masu iko suka koyi rufe su: makonni biyar bayan kisan masu zaman dirshan a ranar 3 ga Yuni 2019, da kuma makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021.

Mu Kirista masu jin Hausa bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Manyanmu suna tuna Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta a Jos, ana watsawa daga Addis Ababa, har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a watan Maris 1977. Suna tuna Rediyo ELWA ta Laberiya, wadda yaƙi ya rufe bakinta a 1990. Mun san zafin a rufe mana baki. To, don me zafin yake damunmu sa'ad da wa'azinmu ne aka katse kaɗai? Gidan rediyon jiha da harajin kowa ake riƙe shi. In bai taɓa aika ɗan jarida unguwar da ba ruwa ba, ya ci amanar masu biyansa, ya kamata kuma ikkilisiya ta faɗa masa haka.

Filin wasa ba almubazzaranci ba ne

Umdurman gidan ƙwallo ce. A nan Hilal da Marik suke, kowace da babban filinta da aka gina cikin shekarun 1960. A Hartum aka buga gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta farko a 1957, Sudan kuma ta ɗauki kofin a gida a 1970. Masu son ƙwallo a Nijeriya ba su manta 1989 ba, shekarar da Marik ta doke Bendel United ta ɗauki kofin Afirka na zakarun kofuna. A bakin kogi kuma akwai babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa tun 1959. Birni ne mai alfahari da wasanninsa, yana da dalili kuwa.

Amma yaron Darussalam yana da nisan tafiyar mota da kuɗin mota tsakaninsa da waɗannan wurare. Filinsa shi ne fegin da ba a kai ga sayarwa ba tukuna. A nan ne 'yan'uwa da yawa za su ce mini, ai wasa ba dole ba ne, a fara da ciki. Ina roƙonku ku dubi abin da 'yan gudun hijira da kansu suka yi. Mutanen Nuba, da talaucinsu duka, suka kafa dandalin kokawa a Haj Yusuf, gabashin kogi, inda dubbai suka riƙa taruwa ran Jumma'a da yamma. Ba wanda ya koya musu cewa mutum yana bukatar wurin da zai zama mutum, ban da wurin da yake ɗan dako. Bahaushe da ya san dandali, da dambe da kokawa bayan kaka, da gaɗar 'yan mata a farin wata, bai kamata ya yi musun wannan ba. Saurayin da ba shi da filin ƙwallo ba ya zama a ɗaki yana karanta Zabura. Yana can inda masu ƙwaya da masu ɗaukar yara aikin bindiga suke jiransa. In an yanka sabuwar unguwa ba a bar fili ba, ba za a ƙara samun filin ba har abada, gama bututu ana iya binne shi bayan shekara 20, amma ba mai rushe gidaje domin yara su yi wasa.

Ranar da kowa ya zama ɗan Umbadda

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun R.S.F. a cikin babban birnin kansa. Tun kwanakin farko aka kama gidan rediyo da talabijin na Umdurman, bai koma hannun soja ba sai watan Maris 2024. Matatar ruwan Bahri ta tsaya tun farkon yaƙin. Gadar Shambat, mai haɗa Umdurman da Bahri, ta karye a watan Nuwamba 2023. A watan Fabrairu 2024 layukan waya suka mutu a yawancin ƙasar, mutanen da ke rayuwa da kuɗin da dangi ke turowa ta waya suka rasa na abinci. Hilal da Marik suka zama 'yan gudun hijira su ma, har suka buga kakar 2024 zuwa 2025 cikin gasar ƙasar Muritaniya. Majami'u ba su tsira ba: an kai hari majami'ar Kibɗawa ta Mar Girgis a unguwar Masalma a watan Mayu 2023, harsashin igwa kuma ya faɗa kan majami'ar Ibanjelika ta Umdurman a watan Nuwamba na shekarar.

Sa'an nan mai gidan bene ya ɗauki jarka ya bi jaki. A watan Mayu 2025 jiragen sama marasa matuƙi suka bugi tashoshin lantarki na Umdurman. Da wuta ta ɗauke, injunan matatun ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwa daga kogi, kwalara ta tashi. Ma'aikatar lafiya ta ba da lissafin mutum 172 da suka mutu cikin mako guda, yawancin masu cutar kuwa a jihar Hartum suke. Ku ga yadda abubuwan suke riƙe da juna: lantarki yana tura ruwa, ruwa yana tsare lafiya, waya tana kawo abinci da labarin inda za a gudu. Wanda ya ce waɗannan kayan jin daɗi ne, bai taɓa ganin mai amai da gudawa yana bushewa a hannun uwarsa ba.

Su wa suka riƙe rayukan mutane a wannan lokaci? Matasan unguwa da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, da matan da suka ɗora manyan tukwane a wuraren dafa abincin sadaka da ake kira takaya, Musulmi da Kirista suna ci daga tukunya ɗaya. Dā ma al'adar Sudan ce mutum ya ajiye randunan ruwa a ƙofar gidansa domin mai wucewa. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma randa ba ta maye gurbin matata, alherin talaka kuma ba hujja ba ce ga hukuma ta nade hannu.

Ina muryarmu take?

Yanzu bari in juyo kanmu. A 2013 gwamnatin Sudan ta ce ba za ta ƙara ba da izinin gina sababbin majami'u ba. A watan Mayu 2017 aka rushe majami'ar Ikkilisiyar Kristi ta Sudan a Soba Aradi, da hujjar cewa filin ba na majami'a ba ne a tsarin gari. Kirista a duniya suka ɗaga murya, daidai ne kuwa da suka yi. Amma ku lura, hujjar da aka rushe majami'a da ita, ita ce hujjar da aka hana unguwa ruwa da ita shekara da shekaru: ba ku cikin taswira. Katafila ɗaya ce, alƙalami ɗaya ne. In mun yi kuka ranar da ta taɓa bangon majami'a, muka yi shiru duk shekarun da take taka bukkoki, maƙwabtanmu za su ce ginin muke ƙauna, ba mutanen ba. Za su yi gaskiya kuwa.

Ba na cewa ikkilisiyar Sudan ta yi barci. Tun 1986 Ikkilisiyar Katolika ta Hartum, a ƙarƙashin Babban Bishop Gabriel Zubeir Wako, ta buɗe makarantun rumfa domin yaran 'yan gudun hijira, dubbai suka koyi karatu a cikinsu. Tun kafin haka mishan ta C.M.S. ta riƙe asibiti a Umdurman shekaru masu yawa. Mu ma a ƙasar Hausa mun gāji wannan: asibitin Galmi, da asibitin ido na Kano, da rijiyoyin da ma'aikatan raya karkara na ikkilisiyoyinmu suka haƙa. Iyayenmu cikin bangaskiya ba su taɓa tunanin cewa jiki ba ruwan Allah da shi ba. Daga ina muka samo wannan sabuwar tsarkaka mai ƙyamar maganar famfo?

Ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo ta ba. A Farawa sura 21, baiwar da aka kora cikin jeji da ɗanta, abin da Allah ya buɗe idonta ta gani rijiya ce. Littafin Sarakuna na Biyu, da yake taƙaita mulkin Hezekiya, ya lissafta tafki da hanyar ruwan da ya jawo cikin Urushalima a cikin ayyukan ƙarfinsa, ramin da ya haƙa cikin dutse kuwa yana nan har yau, tsawonsa ya wuce mita 500. A Makoki sura 5, cikin abubuwan wulakanci da mutanen Allah suka kai ƙara a kansu har da sayen ruwan shansu da kuɗi. Irmiya ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi alherin garin da ba nasu ba. Zakariya kuwa, da aka nuna masa birnin da Allah ya komo cikinsa, abin da ya gani shi ne tsofaffi zaune a dandali, yara maza da mata kuma suna wasa a tituna. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu sura 25, ya sa ƙishin ɗan'uwa cikin ma'aunin ranar shari'a. Wanda yake jiran birnin da ke sama ya kamata ya fi kowa sanin yadda birnin kirki yake.

Wani zai ce, in mun shiga wannan magana mun shiga siyasa, za mu jawo wa kanmu fitina, mu da ba mu da yawa. Tsoron nan ba na banza ba ne, musamman a inda masu bi suke tsiraru. Amma maganar ruwa ita ce maganar da ba ta raba mu da maƙwabci. Kwalara ba ta tambayar addini. In pasto da limami da mai unguwa suka shiga ofishin ƙaramar hukuma tare, da takarda ɗaya a hannu, wuya ne a ce da su 'yan tawaye. Wannan ma shaida ce, wataƙila ta fi lasifikar da muke ɗaurawa a kan rufi ƙarfi.

Abin da ya kamata mu yi

Na fari, mu fara da gidanmu. Akwai majami'un da suke da janareto domin kayan kiɗa, da katanga mai tsawo, da rijiyar burtsatse a kulle, matan unguwa kuwa suna wucewa da bokiti zuwa wurin 'yan garuwa. Akwai ma masu sayar da ruwan a farashin kasuwa su kira shi kuɗin shiga. A buɗe famfo ɗaya ta waje da katanga. In dole a karɓi kuɗi, kada ya wuce na mai da gyara. A buɗe harabar majami'a ga yaran unguwa da yamma, ko 'ya'yan wane ne.

Na biyu, mu ƙidaya. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna iya zagaya gida gida su rubuta nawa ake sayen jarka, nawa iyali yake kashewa a mako, yara nawa suka yi gudawa cikin wata. Hukuma tana iya raina kuka, amma lissafi a rubuce yana da wuyar kaucewa. A kai shi wurin kansila, a kai shi gidan rediyo, a koma a sake kaiwa.

Na uku, mu je wurin da ake jan layi. Sa'ad da ake yanka sabuwar unguwa, a nan ne ake yanke shawarar inda bututu zai bi, da ko za a bar filin makaranta da na wasa. Muna da masu bi a ofisoshin safiyo da tsara birane da hukumar ruwa. Mu daina yi musu kallon masu kawo baiko mai kauri kawai. A koya musu daga bagade cewa teburin ofis ɗinsu wurin hidimar Allah ne, sa hannu kan sayar da filin yara kuma zunubi ne da za a tuba daga gare shi.

Na huɗu, game da Umdurman kanta. Tun da faɗa ya janye daga jihar Hartum a 2025 ake maganar sake gina birnin. Duk mai ba da gudummawa, ko ikkilisiya ce ko ƙungiya, ya tambaya daga ina za a fara. In an fara da fadar gwamnati da manyan tituna, aka ce Umbadda da Darussalam su jira kamar dā, to, an sake gina zaluncin da tubali sabo. Mu yi addu'a domin 'yan'uwanmu na can, Kirista da Musulmi, Hausawa da Nuba da Larabawa, mu kuma sa hannu cikin aljihu.

Ubangiji Yesu, wanda ya zauna a bakin rijiyar Samariya da gajiya ya roƙi ruwa a hannun wadda mutane suka raina, ya gafarta mana shirunmu, ya ba mu ƙarfin hali mu yi magana domin waɗanda ba su cikin taswira. Amin.